Derek Rae, mai sharhin ƙwallon da ya fara da majinyata

Duk yaron da ya zauna a shagon gem ya buga FIFA daga 2018 zuwa yau ya san muryar Derek Rae, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Ɗan yayata na cikinsu. Ran nan na bi ta shagon da ke bakin layinmu don in taso shi, na tarar da wurin maƙil, janareta na ruri a waje, yara sun jeru a benci suna jiran a ci wani ya tashi. Shi da abokin karawarsa ido na kan talabijin, yatsu na aiki, baki kuma yana riga mai sharhin faɗin abin da zai faɗa, har da yadda yake jan murya in ƙwallo ta bugi turke. Na ce, "Kai, ka ko san mai maganar nan?" Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Kawu, ai kwamfuta ce."

Mutum ne da ransa, ɗan ƙasar Sikotland, haifaffen Aberdeen a 1967, kuma shekara kusan 40 ke nan da bakinsa yake cin abinci. Na sani a gidajen kallon ƙwallo na ƙasar nan in ana zancen masu sharhi da Turanci, Peter Drury ne sarki, ba a ja. Ni dai Rae na fi so in yi minti 90 tare da shi, kuma dalilina yana can inda ya koyi aikin.

Aberdeen gari ne na bakin teku a arewa maso gabashin Sikotland. Gine-ginensa na dutse ne mai ruwan toka, arzikinsa a da kifi, daga baya man fetur da ake haƙowa a Tekun Arewa. Filin ƙwallonsu, Pittodrie, yana daf da ruwa, ko a talabijin kana ganin yadda iska ke sa 'yan kallo ƙudundunewa cikin manyan riguna. Rae ya taso a zamanin da ya fi kowane daɗi ga mai goyon bayan ƙungiyar garin. Yana ɗan shekara 11 Alex Ferguson ya zama kocinsu, a 1978. Kafin Ferguson ya tafi Manchester United a 1986 ya ci musu lig a 1980 da 1984 da 1985, daga nan kuwa sai da aka yi shekara 40 cur babu wata ƙungiya ban da Celtic da Rangers da ta ɗaga kofin. A 1983 suka fitar da Bayern Munich, sannan ranar 11 ga Mayu suka doke Real Madrid da ci 2-1 a Gothenburg, a wasan ƙarshe na Cup Winners' Cup, John Hewitt ya sa ta da ka a ƙarin lokaci. 'Yan Madrid na gidan kallonmu ba sa son a tuna musu wannan, alhali abin alfahari ne ma a gare su, don tun daga ranar, in aka cire Super Cup, ba a sake doke su a wasan ƙarshe na Turai ba.

Yana yaro yakan tafi filin da 'yar rakodarsa ta kaset, ya zauna cikin mutane yana ba da labarin wasan shi kaɗai, ya koma gida ya saurari kansa. Yana ɗan shekara 15 ya samu shiga rediyon asibiti. Wannan wata al'ada ce ta Birtaniya da ta burge ni: 'yan sa-kai ke tafiyar da ƙananan tashoshi don majinyata kawai, su sa musu waƙoƙi, su karanta gaisuwar 'yan uwa, ranar Asabar kuma a ja layin tarho daga filin wasa zuwa ɗakunan jinya. Babu albashi, babu suna. Masu sharhi da yawa a ƙasar ta nan suka bi.

Ka ɗauka dattijo ne kwance an yi masa aiki a ƙafa, shekara da shekaru bai fasa zuwa Pittodrie ba, yau ga shi da abin ji a kunne yana kallon silin. Ihu ba zai amfane shi da komai ba. So yake ya san wa ke da ƙwallo, a wane gefe, wace raga ake kai wa hari, saura minti nawa, nawa ake ci. In nas ta zo ta ba shi magani ya cire abin jin na minti biyu, da ya mayar yana bukatar a sake faɗa masa sakamakon ba tare da ya jira ba. Mai sharhin da ya tsaya yabon kansa ko ya shiga dogon tarihi a lokacin da ƙwallo ke cikin yadi na 18 ya cuci mutumin nan, don ba shi da wata hanyar sani. Wanda ya koyi aiki a irin wannan wuri yakan fito da ladabi ga mai saurare, kuma ladabin ba ya barinsa ko ya koma talabijin. Shi ya sa in Rae na magana kana iya tashi ka shiga kicin ka ɗora shayi, wasan bai kuɓuce maka ba. Muna da irin haka a nan. Duk wanda ya taɓa bin wasan Kano Pillars a rediyo cikin mota ko a shago ya san bambancin mai sharhin da ke nuna maka fili da wanda ke cika maka kunne da kirari, sai ka ji an yi ihu ka rasa ma wa ya ci.

Damarsa ta zo a 1986. David Francey, wanda shi ne muryar ƙwallon Sikotland a rediyon BBC tsawon shekaru, shi ya ba mutanen ƙasar labarin yadda Celtic ta ci kofin Turai a Lisbon a 1967, ya samu matsala a gwiwa. Aka nemi wanda zai riƙe wasan Kilmarnock da Dumbarton, aka ba yaron Aberdeen. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Aikin da ya biyo baya shi ne wasan Ingila da Sikotland a Wembley ranar 23 ga Afrilu, makonni biyu da cikarsa shekara 19. Wanda ya san ƙwallo ya san nauyin wannan karawa, su biyun ne suka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a duniya a 1872. Ferguson ne ma ke riƙon ƙwarya a bencin Sikotland bayan rasuwar Jock Stein, wanda ya yanke jiki ya faɗi a bakin fili a Cardiff a watan Satumban 1985. Ingila ta ci 2-1. Shekara ta zagayo Rae ya karɓi lambar yabo ta Sony a matsayin gwarzon mai gabatar da wasanni a rediyon Birtaniya.

Ƙasar tasu ba ta kai mutum miliyan 6 ba, amma ta iya fitar da masu wannan sana'a. Arthur Montford ya yi shekara 32 yana gabatar da shirin Scotsport. Archie Macpherson shugaban makarantar firamare ne kafin ya koma BBC. Bill McLaren na garin Hawick, wanda ake kira muryar wasan rugby, malamin motsa jiki ne, kuma an san shi da wasu manyan takardu da yake cikawa da hannunsa kafin kowane wasa, bayanin kowane ɗan wasa da launin biro daban-daban. Malaman makaranta sun yi yawa a cikinsu, kuma ina jin wannan a bakin Rae duk da shi bai koyar ba. Ba ya shiga wasa bai yi bita ba.

A 1991, yana da shekara 24, aiki na tafiya, sunansa na tashi, ya ajiye BBC ya tafi Boston. A lokacin Amurka ba ta da babban lig na ƙwallon ƙafa, tsohon ya rushe tun tsakiyar shekarun 1980, MLS kuma sai 1996 aka fara. Aikin da ya je yi ma ba na sharhi ba ne. Jami'in hulɗa da 'yan jarida ne na filin Foxboro, ɗaya daga cikin filaye 9 da aka buga Kofin Duniya na 1994.

Duk ɗan Najeriyar da ya kai hankali a lokacin ya san Foxboro, ko bai riƙe sunan ba. Bayan mun lallasa Bulgeriya 3-0 a Dallas, sauran wasanninmu uku duk a can aka yi su. Ranar 25 ga Yuni Samson Siasia ya fara cin Ajantina, Caniggia ya rama biyu. Wasan nan ne aka ga wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Maradona daga fili zuwa gwajin fitsari, bai sake buga wa ƙasarsa ba. Ranar 30 muka ci Girka 2-0, Finidi da Amokachi, ɗan Kaduna da ya fito daga Ranchers Bees. Sai 5 ga Yuli. Amunike ya ci, aka ba Zola jan kati, Italiya ta koma mutum 10, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fenariti. Har yau akwai dattawan da in ka ambaci sunan Baggio sai sun yi tsaki. Duk wannan, mutumin da muryarsa ke cikin gem ɗin yaranmu yana filin, shi ke fama da katin shiga na 'yan jarida, wurin zamansu, layukan tarho da ɗakin da koci zai zo ya amsa tambaya. Ina ganin shekarun nan sun ƙara masa wani abu da yawancin masu sharhin Birtaniya ba su da shi, domin ya zauna da 'yan jaridar Ajantina da Girka da Koriya da Najeriya, ya ga ƙwallo ba a Ingila ta fara ta ƙare ba.

Bayan gasar ya shiga ESPN, tashar talabijin ta wasanni a Amurka. Ya yi wa New England Revolution sharhi da aka fara MLS, ya kuma yi wasannin lig na ƙasashe daban-daban. Da yawa daga cikin irin waɗannan wasanni ba daga fili ake yinsu ba, daga wani ɗaki ne a garin Bristol na jihar Connecticut, mai sharhi na kallon allo yadda kai ma kake kallo. Aiki ne mai wuya fiye da yadda ake zato. Abin da kyamara ta nuna shi kaɗai kake gani. Mataimakin alƙali zai ɗaga tuta ba ka sani ba, za a yi canji ba ka ga allon lamba ba, ga ruwan sama ya jiƙa riguna lambobin sun dushe. Dole ka san ɗan wasa da gudunsa, da askinsa, da ƙafar da ya fi amfani da ita, wannan kuwa sai da bita.

Daga baya ya zama babban mai sharhin gasar Zakarun Turai a tashar, tare da Tommy Smyth, wani ɗan Ayaland mai barkwanci da ke kiran raga tsohon buhun albasa. Su biyun ne suka yi wa Amurkawa wasan ƙarshe na Santambul a 2005: AC Milan na cin 3-0 a hutun rabin lokaci, Maldini ɗaya Crespo biyu, Liverpool ta rama duka cikin minti shida ta hannun Gerrard da Smicer da Alonso, Dudek ya gama aikin a bugun fenariti.

A 2009 tashar Setanta ta karye a Birtaniya, ESPN ta karɓi wani kaso na wasannin Sikotland, Rae ya koma gida. Ya ci gaba da BT Sport daga 2013 zuwa 2017. A wannan tsakanin ne bashi ya durƙusar da Rangers a 2012, ta koma farawa daga rukuni na huɗu, tana zuwa ƙananan garuruwa irin su Peterhead, ba ta dawo sama ba sai 2016. Mutumin da ya yi wasan ƙarshe na Zakarun Turai ya dawo yana zama a ƙananan filaye cikin sanyi, kuma ban taɓa jin ya yi wa irin wannan wasa riƙon sakainar kashi ba. A 2017 ya sake komawa Amurka. Ya yi wa ESPN Kofin Duniya na 2010 da 2014, ya yi wa Fox na 2018 da 2022. A Rasha abokiyar aikinsa Aly Wagner ce, mace ta farko da ta yi sharhin Kofin Duniya na maza a talabijin ɗin Amurka da Turanci, wasan Maroko da Iran.

Zuciyarsa dai tana Jamus. Ya sha faɗa cewa Kofin Duniya na 1974 a Jamus ta Yamma, yana ɗan shekara 7, shi ya sa masa son ƙasar. Sikotland ta je gasar, ba a ci ta ko wasa ɗaya ba, amma bambancin ƙwallaye ya kore ta tun a rukuni. Ya koyi Jamusanci har ya iya shi sosai, yana hira da koci da 'yan wasa ba tafinta. A 2020 da ESPN ta samu Bundesliga, lig ɗin Jamus, ya zama babban mai sharhinta, yana kuma yi wa hukumar lig ɗin sharhin da ake watsawa ƙasashen waje. A bakinsa na fara fahimtar dokar 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan ƙungiya don kada attajiri guda ya saye ta ya yi yadda ya ga dama, da dalilin da ya sa har yanzu ake da wuraren tsayuwa masu araha a filayen Jamus. 'Yan Najeriya da yawa sai a kakar 2023/24 suka waiwayi lig ɗin, lokacin da Leverkusen ta Xabi Alonso, da Victor Boniface da Nathan Tella a cikinta, ta ɗauki kofi ba a doke ta ba, ta katse wa Bayern shekara 11 a jere.

Abin da aka fi saninsa da shi, kuma aka fi zaginsa a kai, shi ne sunaye. Ƙa'idarsa ita ce a kira mutum yadda shi da iyayensa ke kiran sunan. Yakan tambayi ɗan wasan da kansa ko wani mai jin harshen. Da ya fara kiran Bruno Fernandes da "sh" a ƙarshe, yadda mutanen Fotugal ke faɗa, 'yan kallo a Ingila suka yi ca a kansa wai iyayi ne. Ni ina bayansa a wannan ɗari bisa ɗari. Mun ji yadda aka riƙa murɗe sunan Tijjani Babangida yana Ajax, mun ji na Garba Lawal da Sani Kaita, yanzu ga Zaidu Sanusi a Porto. Wani mai sharhin zai yi minti 90 yana kiran mutum da sunan da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba, alhali tambaya ɗaya ce a bakin ɗakin sa kaya. Mu ma nan ba mu tsira ba, a rediyonmu akwai 'yan wasan Turai da ko a makaranta ba a taɓa kiransu da sunan da muke ba su ba. Mai sharhi yana da mako guda na shiri kafin wasa. In bai nemi sanin sunan mutum 22 ba, me ya yi da makon?

Shigarsa gem ta zo ne a FIFA 19, lokacin da kamfanin EA Sports ya karɓe lasisin Zakarun Turai daga hannun Konami mai gem ɗin ƙwallo na PES. Aka sa shi da Lee Dixon, tsohon mai tsaron bayan Arsenal, su riƙe wasannin Turai, Martin Tyler da Alan Smith na riƙe da sauran. A FIFA 21 aka bar musu duka, a FIFA 22 Stewart Robson ya canji Dixon, da gem ɗin ya koma EA Sports FC a 2023 aka ƙaro Guy Mowbray da Sue Smith. Yadda ake aikin shi ne abin mamaki. Babu wasa a gabansa, babu 'yan kallo, ɗaki ne da makirufo. Za a ce masa ka ɗauka minti na 89 ne ana kunnen doki mai tsaron gida ya ture fenariti, shi kuma ya faɗi abin da zai faɗa, ya sake faɗa ta wata hanya, ya sake. Sunan kowane ɗan wasa sai an ɗauke shi da murya iri-iri, ta ba da fas a tsakiyar fili, ta lokacin da ya tunkari raga, ta lokacin da ya ci. Na'ura ce ke harhaɗa guntayen daidai da abin da yatsun yaro suka yi. Wanda bai saba zana fili a kansa ba tun daga rediyo zai sha wuya a ɗakin nan.

Abin dariya, Drury ne muryar PES tun daga na 2016, ga shi ko a shagon gem an raba gari. Ba na raina Drury. Abin da ya yi a ƙwallon Tshabalala a 2010 da ta Manolas ranar da Roma ta fitar da Barcelona a 2018 ba kowa zai iya ba, kuma dalili ke nan da guntayen bidiyonsa ke yawo a WhatsApp. Sai dai wasa ba minti ɗaya ba ne. Akwai minti 80 da ba a ci komai ba, ana ta fas a baya, an yi rauni, ana jiran VAR. A nan nake auna mai sharhi, kuma a nan Rae ya fi ƙarfi. Ya san lokacin da zai yi shiru ya bar ka ka ji waƙar 'yan kallo, ya san lokacin jefa wa abokin aikinsa tambaya, kuma in ya ɗaga murya ka san akwai dalili.

Yana da nasa. Wani lokaci malantar takan yi yawa, musamman a wasan Jamus, ya yi ta kawo kalmomin Jamusanci da tarihin garuruwa har ka ji kamar za a yi jarrabawa bayan an tashi. A gem kuwa duk iyawarsa, maganar da ka ji sau ɗari dole ta gundure ka, ko da yake wannan laifin na'ura ne. Kuma ba shi da wata jimla guda da duniya ta haddace, irin wadda Tyler ya samu a ƙwallon Agüero a 2012. Wanda ke neman wannan ba zai same ta a wurinsa ba.

Kafin gasar 2026, Sikotland rabonta da Kofin Duniya tun 1998. Ranar 18 ga Nuwamban 2025 ta doke Denmark 4-2 a Hampden ta samu gurbin zuwa gasar, McTominay ya buɗe da wata ƙwallo da ya juya baya ya doka a sama, Kenny McLean ya rufe da wadda ya ɗaga daga tsakiyar fili. Da aka raba rukuni, wasanninta biyu, da Haiti da Maroko, suka faɗa Foxborough, a sabon filin da aka gina kusa da tsohon filin Foxboro da aka rushe a 2002, cikin jihar Massachusetts inda Rae ke zaune. Mu kuwa kwana biyu kafin wasan na Hampden, Kwango ta Dimokuraɗiyya ta riga ta fitar da mu a bugun fenariti a Rabat.